Yadda Ake Zaunar da Marubuta da Malamai a Tabarma Ɗaya: Abin da Muka Koya a Gadarif

Ɗan ƙanwata da ke Bur Sudan ya aiko mini da saƙon murya kwanakin baya. Ya ce, "Kawu, mu ma muna so mu fara irin zaman nan da kuke yi a gidanka. Ta ina za mu kama?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, daga baya na ga ban sauke nauyin tambayar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da duk wani ɗan'uwa a Kasala ko Damazin ko Jidda da ke da irin wannan niyya.

Ni malamin makaranta ne da ya ajiye alli. Da can mu huɗu ne muke zama ƙarƙashin rakuba a tsakar gidana, muna taɓa tarihi da waƙa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sai Gadarif ta fara cika. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, sannan mutanen Sinja da kewayen Sinnar suka biyo baya a 2024, sai ga malamin jami'a daga Khartum, da mawaƙi daga Madani, da dattijon da bai taɓa kwana wata guda a wajen ƙauyensu ba, duk a unguwa ɗaya, suna bin layin ruwa ɗaya. Ba mu roƙi wannan haɗuwa ba, kuma da an ba mu zaɓi da ba mu zaɓe ta ba. Amma tunda ta zo, na ga asara ce mu bar ta ta wuce ba mu ji ta bakin juna ba.

Abu na farko, ka samo tambaya, kuma ta kasance ƙarama. Kada ka ce za a tattauna "tarihin Hausawa a Sudan". Wannan kogi ne, kowa zai faɗa ta inda ya ga dama, a tashi ba a kamo komai ba. Ka ɗauki abin da za a iya juyawa cikin sa'a ɗaya da rabi. Mun taɓa yin zama guda a kan wannan kawai: daga Adre, bakin iyakar Chadi, zuwa Kosti, a waɗanne garuruwa kakanninmu suka yi damina, kuma da me suka ci abinci? Wani zaman kuma: me ya sa tsofaffinmu ke karatun Alƙur'ani da Warshu, maƙwabtanmu na halwa suka taso da Duri, jikokinmu kuma ba su san komai ba sai Hafsu? Wani kuma a kan agashe da dakuwa ne, yadda suka fita daga unguwanninmu suka shiga bakin kowane Basudane har da sunayensu. Ka sanar da tambayar mako guda kafin ranar, don kowa ya kwana da ita, ya tambayi na gidansa.

Mutane kada su wuce goma sha biyu. Takwas ma sun isa. A cikinsu kana buƙatar iri uku: wanda ya ji daga bakin magabata, wanda ya karanta a littattafai da kundayen ajiya, da wanda ke rubuta waƙa ko labari. In ɗaya ya ɓace, zaman ya gurgunce. Malamin jami'a da marubuci kana iya kiransu a waya. Dattijo kuwa ƙafarka za ta kai ka. Ka je da sukari da ganyen shayi, in an dace da goro ka haɗa, ka gaishe shi, ka tambayi jiki da iyali, sai a ƙarshe ka ce, "Baba, akwai abin da ya shige mana duhu, an ce kai ne ka riski waɗanda suka sani." Kada ka ce masa za a yi nadwa. Da ya ji wannan kalma zai hango tebur da lasifika da mutane masu ɗaurin wuya, ya ce ba shi da lafiya.

Lokacin da ya fi mana daɗi shi ne bayan la'asar zuwa magariba, ranar Alhamis. A nan Gadarif ba a kiran taro da damina, laka ba ta barin kowa, kuma rabin mutanenka suna gona. Lokacin yankan riɗi ma kada ka gwada, domin riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an kai amfani gida, gari ya yi sanyi, wannan ne lokacinka. A shimfiɗa tabarma kowa ya zauna a kanta. Angarib na mai ciwon gwiwa ne kawai, ba na mai digiri ba. Jabana kuwa a soya ta, a daka ta, a zuba zagayen farko kafin a fara magana, don ƙarar daka da ta kofuna tana cinye muryar tsoho a cikin ɗauka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ya kusa kashe mana zaman tun yana jariri: wa zai fara magana?

A zamanmu na farko da baƙin Khartum, na yi abin da ladabin makaranta ya koya mini, na ba Dakta dama ya buɗe. Ya kuwa yi bayani mai kyau, babu kuskure ko ɗaya. Ya ce Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka iso gaɓar Nilul Azrak kudu da Sinnar wajen 1906. Da ya gama na juya ga dattijon da na sha wahalar kawowa, na ce, "Baba, sai mu ji daga gare ka." Ya dubi ƙasa ya ce, "To, ai Dakta ya faɗi komai. Mu me muka sani?" Bai ƙara buɗe baki ba har aka kira salla. Na raka shi gida zuciyata ba daɗi, don na san ni na rufe masa baki da hannuna.

Mako biyu bayan haka na juya tsarin. Na roƙi Dakta tun a waje ya yi haƙuri ya zama na ƙarshe, shi kuma, Allah ya saka masa, ya ce haka ma ya fi so. Dattijon ya fara a hankali. Ya ce kakansa ba ya cikin ayarin Mai Wurno, ya taso ne daga ƙasar Haɗeja shekaru da yawa bayan haka da niyyar hajji, da matarsa da jaki biyu. Sun yi damina ɗaya kusa da Abeshe, suka yi wata a Kurdufan yana tsagar ƙaro a gonar wani, aka haifi mahaifinsa a can. Da suka iso Jazira aka ce ana neman masu tsinkar auduga, suka ce bari su yi shekara guda su tara kuɗin jirgin Sawakin. Shekarar nan ce ba ta ƙare ba har kakan ya rasu. Sai a lokacin Dakta ya sa baki, ya ce madatsar ruwa ta Sinnar an gama ta a 1925, a shekarar aka buɗe noman Jazira, don haka isowarsu ba za ta riga wannan shekara ba. Ka ga yadda abin ya zauna? Labari ya samu shekara, shekara kuma ta samu mutum da jakinsa. Da Dakta ya riga shi, da ba mu ji zancen ƙaro ba har abada.

Don haka jerin shi ne: mai baka, sannan mai alƙalami ya yi tambayoyinsa, sannan mai littafi. Marubuci na tsakiya saboda shi ne ke tambayar abin da masani ke ganin bai kai a tambaya ba. Mawaƙinmu na Madani ne ya taɓa cewa, "Baba, da ruwa ya ƙare a hanya, wa aka fara ba wa sauran, yaro ko jaki?" Amsar wannan tambaya ta ɗauke mu rabin sa'a, kuma babu kundin da ke ɗauke da ita.

Ƙa'ida ta biyu da ba ma sassautawa a kanta ita ce, duk wanda zai faɗi magana sai ya gaya mana daga ina ya samo ta. Kofa uku ce kawai: na gani, na ji, na karanta. In ka ce ka ji, daga wa? In ka ce ka karanta, a ina? Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san isnadi. Amfaninta shi ne tana kashe gardama tun kafin ta yi zafi. Wani ya taɓa cewa Mai Wurno ya sauka kai tsaye a inda garin yake yanzu. Wani ya ce a'a, sun fara zama a Shaikh Talha, tsallaken kogi. Maimakon a ce wane ya yi ƙarya, sai na tambayi kowanne ƙofarsa. Na farko ya ce daga kakarsa ya ji, na biyu ya ce ya karanta kuma ya ji daga mutanen can. Muka rubuta duka biyun, kowace da madogararta. Mai jagorancin zama ba alƙali ba ne. Aikinsa ya tabbata an san wa ya faɗi me, kuma daga ina.

Wannan ƙa'ida tana kama masu son gyara tarihi don ya yi mana daɗi, kuma muna da su. Misali, gaskiya ne Takarir sun zauna a Gallabat, nan bakin iyakar Habasha, tun kafin zamanin Mahadi, har suna da shehunansu. Amma sunan Takarir, kamar sunan Fallata, babbar riga ce da aka yafa wa mutanen yamma baki ɗaya: Hausawa, Fulani, Barebari, mutanen Wadai da na Darfur. In saurayi ya miƙe ya ce Hausawa ne suka kafa Gallabat, ka tambaye shi ƙofarsa cikin mutunci. Sau da yawa za ka tarar a Facebook ya gani. Ba na jin haushin irin waɗannan yara, na san abin da ke cin su. Amma gaskiyar da muke da ita ta ishe mu, in muka yi mata ƙari sai mai neman ƙaryata mu ya kama ƙarin ya jefar da duka.

Hakan ya kawo ni kan siyasa, inda nake so ka taka a hankali. A ƙasar nan tambayar "yaushe kakanka ya zo?" ba tambayar tarihi ba ce kawai. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, shekara guda bayan samun 'yanci, ta ɗaura abin a kan zaman kakanni a Sudan tun ranar 31 ga Disambar 1897, wato kafin yaƙin Karari na 1898. Iyayenmu da yawa sun sha wuya a kan takardar jinsiyya saboda wannan rana, har waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Shi ya sa in ka tambayi tsoho shekarar zuwansu kai tsaye, sai ka ga fuskarsa ta canja, ya ba ka amsar da ya saba ba jami'i. Ka bi ta gefe. Ka tambaye shi wa ke sarauta a garinsu lokacin da suka taso, ko jirgin ƙasa ya riga ya iso Ubayyid, ko da mota suka ratsa Darfur ko da ƙafa. Shekarar za ta fito da kanta.

Ban ce a guji siyasa ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a jihar Nilul Azrak a Yulin 2022, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoba, ba za ka tara su ka ce su yi zancen agashe kawai ba. Zancen ƙasar noma da sarautar gargajiya da wane ne ɗan gari dole ya taso. Ga yadda muke yi. In an zo wannan gaɓa, ana kashe ɗauka, kowa ya ga an kife waya. Ba a ambaton sunan rayayyen mutum da laifi. Ba a zagin wata ƙabila a tabarmata, ko da wanda ke magana ya rasa ɗa, sai dai mu bar shi ya yi kuka mu yi masa addu'a. Ba a kawo takardar jam'iyya ko ta wata ƙungiya a raba. Kuma lokaci-lokaci muna gayyatar maƙwabci wanda ba Bahaushe ba, malami ko marubuci, ya zauna ya ji, mu ma mu ji yadda labarin yake daga ɗaya gefen. Waɗannan zaman sun fi kowanne nauyi, sun kuma fi kowanne amfani. Kafin ka fara komai, ka sanar da shehin unguwa da limamin masallacinku abin da kuke yi. A lokacin yaƙi, mutum goma da ke taruwa duk mako a gida ɗaya sai an yi tambaya a kansu, gara amsar ta riga tambayar isa.

Da wane harshe za a yi? Da Hausa, amma irin wadda muke yi, ba wadda ake ji a rediyo ba. Hausarmu ta sha Larabci, kuma ba abin kunya ba ne, tarihi ne a cikin baki. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi shekaru yana nazarin wannan cuɗanya. In yaro ya maƙale ya koma Larabci, a bar shi ya gama, sannan wani ya mayar da maganar cikin Hausa ba tare da an yi masa dariya ba. Dariya ɗaya tak ta isa ta kore shi. In tsoho ya faɗi kalmar da matasa ba su sani ba, a tsaya a rubuta ta da ma'anarta. Muna da littafi na musamman don wannan.

Mata kuwa, kada ka yi kuskuren da muka yi na shekara guda cur ba tare da su ba. Sunayen zango-zango, da wa ya auri wa a hanya, da waƙoƙin daka da na reno, duk a wurinsu suke. Maiɗakina ce ta fara tara tsofaffi mata a cikin gida ranar Talata, da wata ɗalibar jami'a tana riƙe musu waya. Tambayar da muka tattauna ranar Alhamis ita suke ɗauka, sai a kawo mana abin da suka ce. Sau da yawa sukan gyara mana. Wata habboba, kamar yadda jikoki ke kiranta, ta aiko mana da saƙo ta ce, "Ku gaya wa Malam ba a Nuhud aka haifi babansu ba, a can dai aka yi suna."

Ɗauka ba ta buƙatar kayan tsada. Waya ɗaya ta isa, a rufe mata layi don kada kira ya katse, a ɗora ta a kan matashi kusa da mai magana, a kashe fanka in da hali. A cika ta da caji tun da rana, a tanadi abin ƙarin caji, don wuta ba ta da alƙawari. A farkon ɗauka ka faɗi rana da wuri da tambayar, kuma ka nemi izinin kowa da muryarsa. A daren nan ka tura wa mutum biyu a garuruwa daban-daban. Wanda ya bar Khartum da kayan jikinsa kawai ya san dalilin wannan. A rubuce maganar cikin mako guda, tun ana tuna wa ya ce me, kuma a rubuta ta yadda aka faɗe ta, ba gyara. Da yake yawancinmu da haruffan Larabci muka yi makaranta, mukan rubuta da ajami, sannan wani ya juya zuwa boko saboda 'yan'uwa na Najeriya da Nijar.

In dattijo ya zo da gafaka, kada takarda ko ɗaya ta kwana a gidanka. A wanke hannu, a shanya su a kan farin ƙyalle a inuwa, a ɗauki hoton kowace gaba da baya bisa jerin da aka same su, a mayar masa a gabansa. Ba a liƙa musu salatif, ba a rufe su da roba mai zafi, ba a ajiye kofin jabana kusa da su.

Ga marubuta ina da magana ɗaya, kuma da ciwo nake faɗinta. Wani da ya zauna da mu ya ɗauki labarin wani tsoho, ya canja masa gari, ya ƙara masa abin da bai faru ba, ya buga da Larabci ba tare da ya sanar da shi ba. Jikan tsohon ne ya gani ya karanta masa. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai daina zuwa, ya kuma rasu da sauran abin da bai gaya mana ba. Tun daga nan muka sa sharaɗi: duk wanda zai yi waƙa ko labari da abin da ya ji a tabarmar nan, sai ya koma wurin mai maganar ya karanta masa kafin kowa ya gani. In ƙirƙira ce, a faɗa a fili cewa ƙirƙira ce. In mai maganar ya ce a cire sunansa ko sunan garinsu, a cire.

Kuɗin da ake kashewa bai wuce na gahawa da sukari da gawayi ba, kuma karɓa-karɓa muke yi. Kada ka karɓi kuɗin wanda zai zo daga baya ya ce ga abin da za a tattauna.

In an ji ladan na gyaran murya, ka tsayar da magana ko da ta yi daɗi. A zaɓi tambayar mako mai zuwa tun kowa na zaune, a ba dattijo ya yi addu'a, a yi salla tare. Sannan kai da kanka ka raka shi gida, kada ka wakilta yaro. Ka sa ƙaramin littafi da biro a aljihu, don a hanyar nan, daga ku sai ku, yakan tuno abin da bai faɗa a cikin mutane ba. Kada ka fito da littafin a gabansa. In ka dawo gida ka rubuta, washegari ka koma ka ce, "Baba, maganar jiya ta hanya, in sa ta cikin na jama'a ko in bar ta tsakaninmu?"